Ruwan cikin hoto ba ya cika randa

Wannan hoton Jos na tauraron ɗan'adam da ake ta yawo da shi tun jiya ya ɓata min rai, musamman da wani bawan Allah ya rubuta a ƙarƙashinsa wai mutanen Jos ba mu da godiya, ga ruwa ko'ina muna kukan ƙishirwa. Malam, ka taɓa tashi da asuba cikin sanyin Disamba kana jiran mai kura a ƙofar gida?

Hoton ya yi kyau, ban musa ba. Ga duwatsun Shere ta gabas, ga gari ya miƙe har Bukuru, ga ɗigo-ɗigon ruwa kamar an watsa tsakiya a tabarma. Amma yawancin ɗigon nan ba madatsun ruwan sha ba ne. Ramukan kuza ne. Tun farkon shekarun 1900 Turawa suka shiga haƙar kuza a tudun nan, aka kwashe arziki aka loda a jirgin ƙasa, aka bar mana ramuka ruwan sama ya cika su. Na Rayfield da mutane ke zuwa shaƙatawa ma asalinsa ke nan. Madatsun gaske, irin su Lamingo da Liberty da na Yakubu Gowon da ke Shen, sai ka ƙirga su da yatsun hannu, kuma an gina su ne lokacin da garin bai kai haka cika ba.

Daga sama duk ruwa ɗaya ne. A ƙasa kuwa wani ana sha, wani yana cin 'ya'yan mutane. Wa ya girma a Bukuru ko Barikin Ladi bai taɓa jin yaro ya je wanka kududdufi ba a dawo da shi da rai ba? Bakin ramin a tsaye yake, babu gangare, taku biyu ka nutse.

Za a ce ai ana noman rani da su. Na sani, kabeji da karas da dankalin turawa da ke cika kasuwar Farin Gada da yawa ruwan nan suka sha. Wannan ƙoƙarin manomi ne da injinsa na ban-ruwa, bai sa famfon gidanmu ya kawo ko ɗigo ba. Jiya da safe sai da Hajiyarmu ta karkata randa kafin ta samu na alwala a moɗa. Ruwan hoto ba ya cika randa, wallahi ba ya cikawa.

Abin da ya fi min ciwo, tudun nan da ya haura mita 1,200 shi ne mafarin kogin Kaduna da na Gongola. Mu ke tura wa wasu ruwa.

Kuma tunda ana maganar kallo daga sama, don Allah masu zubar da shara a kogin Dilimi ku ji tsoron Allah. Shekaranjiya na tsaya kan gada na leƙa, ledar fiya-wata da robobi sun rufe ruwan ruf, wata akuya ma a kai take tafiya.