Ranar da Aka Ba Ni Gaba a Hanyar Dass

Ni fa ba baƙon keke ba ne. A fara sanin wannan kafin a saurari abin da yaran nan ke yaɗawa a kaina a cikin garin Bauchi. Da Phoenix ɗin mahaifina na yi sakandare, buhun masara a kariya, wani lokacin har da ƙanwata a kan buhun. Saboda haka da likita ya auna jinina, ya dubi teɓata ya ce in nemi abin motsa jiki, ban yi dogon tunani ba. Ɗan wannan ƙanwar tawa yana cikin wasu matasa da ke haɗuwa ranar Asabar bayan sallar asuba, su hau kekuna a ayari su ɗauki hanyar Jos ko ta Ningi ko ta Dass. Na ce ya sa da ni.

"Kawu, akwai ƙa'idoji fa," in ji shi.

Na ce ƙa'idar keke ɗaya ce tun zamanin Turawa, kada ka faɗi.

Ya aro mini keken abokinsa, irin mai siririyar tayar nan da lanƙwasasshen kai, wanda yatsu biyu ke ɗagawa. Na ɗan yi jim, magidanci da keken aro. Sai ya tuna mini cewa Ese Ukpeseraye, wadda ta fara wakiltar Najeriya a tseren keke a gasar Olamfik, a Paris a 2024 sai da ta ari keke wajen Jamusawa. Na ce to, wane ne ni. Hular kwano na yarda na sa. Matsattsen wandon nan nasu kuwa na ce sai dai bayan raina. Na tura ƙafar wandon kaftanina cikin safa don kada kaca ta ci.

A shataletalen Wunti aka haɗu, gari bai gama wayewa ba, hazon hunturu ko'ina. Shugabansu, wanda suke kira Kyaftin, wani siririn yaro ne da na tabbata na girme wa babansa. Ya tsaya ya yi jawabi: bibbiyu za a jera, in hanya ta matse a koma ɗaiɗai, gudun yau kilomita 25 zuwa 27 a awa, kada a ƙara, kada tayarka ta gaba ta shiga gefen tayar bayan wanda kake bi, ba a kama birki ba sanarwa, ba a barin kowa a baya. Ya ce Dass kusan kilomita 50 ce, don haka ba shiga za a yi ba, a rabin hanya za a juyo. Ya kuma nuna wasu alamu na hannu. A lokacin ƙamshin masa ya fara tasowa daga wata rumfa, hankalina ya rabu biyu.

Farkon tafiyar, wallahi, daɗi. Suka sa ni a tsakiya. Muka wuce Yelwa, muka wuce Gwallameji, da ƙyar nake taɓa feda amma keke sai gudu yake. Na ce a raina ashe ƙarfin nan yana nan, kwanciya kawai ya yi. Ɗan ƙanwata da ke gefena ya so ya ɓata mini farin ciki. Wai ba ƙarfina ba ne, na gaba ne ke tsaga mana iska. Wai a irin wannan gudun yawancin wahalar mai keke da iska yake yinta, kuma wanda ya laɓe daf da bayan wani yana samun sauƙin kusan kashi 30 cikin 100. Ya ƙara da cewa iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, mu kuwa kudu maso yamma muka nufa, don haka turo mu take yi, in adana ƙarfina saboda dawowa. Na ce masa hassada ga mai rabo taki ce.

Abin da ban lura da shi ba, layin juyawa yake. Na gaba ya ja 'yan mintoci, ya ɗan kaɗa gwiwar hannu, ya zame gefe ya koma baya, na biye da shi ya karɓa. A hankali mutanen da ke gabana suka yi ta raguwa. Bayan mun wuce Bayara na ɗaga kai, ba kowa a gabana sai kwalta.

To, mutum an ba shi jagoranci a gaban yara, ya yi tafiyar hawainiya? Na sauya giya, na miƙe tsaye a kan feda, na taka. 'Yar na'urar da ke kan keken ta nuna 30, ta nuna 33, ta nuna 36. Na ji ana ihu a baya. Har yau ina da yaƙinin "Kawu, ƙara!" aka ce, su kuma sun haɗa baki sun ce "Kawu, rage!" suka ce. Da na waiga, ayarin ya watse kamar carbin da zarensa ya tsinke, uku nan, biyu can, wani bawan Allah mai ƙiba can nesa yana ɗaga hannu sama.

Kyaftin ya cim mini ba ko haki.

"Baba, sannu da ƙoƙari. Amma na gaba ba tsere yake yi ba. Gudun da ka tarar shi za ka riƙe. In ka ƙara biyu a gaba, na can baya sai ya ƙara biyar kafin ya cike giɓin."

Daga nan suka laƙa mini Girmay, sunan ɗan Eritiriyar nan da ya ci koriyar riga, kyautar wanda ya fi tara maki, a gasar tseren keke ta Tour de France ta 2024. Na ji daɗin sunan, har sai da Kyaftin ya ce ai shi ma Girmay ɗin a bayan abokansa yake wuni a laɓe, sai an zo 'yan mitocin ƙarshe yake fitowa ya zuba gudu.

Aka haɗu, aka ce in ci gaba da ja, a hankali. Can sai ga rami a tsakiyar hannunmu, mai kaifin baki. Nan tsohuwar gwaninta ta motsa: na ɗan karkata ƙugu, na goce shi tsaf, ko ƙura ban taɓa ba. Ina cikin yaba wa kaina sai na ji gwaf! Wani da suke kira Injiniya, wanda ba ya ganin komai sai bayan kaftanina, ya faɗa ciki. Taya ta sace nan take. Ba mai faci a wajen, amma kowannensu na ɗauke da tiyub da ɗan famfo a aljihun baya. Injiniya na canja tiyub yana magana da tayar, ba da ni ba, wai wasu mutane Allah ya ba su hannu biyu amma nuna rami ya gagare su. Kyaftin ya sake bayani cikin ladabi: na gaba shi ne idon kowa. Ka ga rami, ka nuna ƙasa ta ɓangaren da yake, ka ce "rami". Ka ga mota a tsaye ko akuya, ka kai hannu baya ka kaɗa a kauce. Za ka tsaya, ka ɗaga hannu sama ka ce "tsayawa". Kowa kuma ya miƙa saƙon ga na bayansa.

Ni mutum ne mai karɓar gyara. Da aka tashi, ban bar komai ba. Na nuna rami, na nuna kashin shanu, na nuna leda, na nuna wani ƙadangare da ke shan hantsi a gefen kwalta bai tare wa kowa hanya ba. Duk abin da na nuna sai ka ji ana ta "rami! rami!" har ƙarshen layi, ayari na ta lanƙwasa. Wani direban tirela da ya biyo mu ya rage gudu ya bi mu da kallo.

Ana haka na hango wani dattijo a bakin hanya, a gindin mangwaro, da sanda da 'yar jaka, yana jiran mota. Wan mahaifin matata ne, wanda ya ba ni aurenta.

A nan nake so masu hankali su yi mana alƙalanci. Suruki ne fa. Ana wuce suruki a kan keke a ce masa "sannu" da ka? Na ɗaga hannu sama, wanda a dokarsu ma alamar tsayawa ce, na kama birki biyu gaba ɗaya. Sun ce wai hannun da birkin a daƙiƙa ɗaya suka zo, kuma ban ce "tsayawa" ba, "Salamu alaikum" na ce. Yaron da ke bayana, wanda tayarsa ta riga ta shigo gefen tawa, ya goge ni ya yi cikin yashi. Na bayansa ya bi shi. Injiniya, da sabon tiyub ɗinsa, ya hau kansu. Allah ya taƙaita, yashi ne mai laushi, ba wanda ya samu fiye da ƙujewar gwiwa, kuma hular kwano ta yi aikinta. Kyaftin da kansa ya ce yaron ma yana da nasa laifin na shigar da taya. Wannan maganar ita kaɗai na riƙe a duk jawabin da ya yi a wajen.

Ni dai na jingine keke na durƙusa.

"Baba, barka da asuba. Kun tashi lafiya?"

Ya daɗe yana duban hular kwanon, da wandon da ke cikin safa, da zufar da ta jiƙa ni, da tulin yaran da ke karkaɗe yashi.

"Kai ne? Ina motar taka?"

Na ce tana gida, motsa jiki muke yi. Ya gyaɗa kai a hankali ya ce Allah ya rufa asiri, kowane bawa da irin jarrabawarsa.

Dawowa ba ta da dogon labari. Iskar da ta raka mu ta juyo ta tare mu. Ban karya ba, kuma duk lokacin da yaran ke ciro dabino da ayaba suna ci a kan keke ina yi musu dariya. Ashe abin da jiki ke tanada na saurin ƙonawa ba ya wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu in ana aiki mai ƙarfi. Kafin Bayara ƙafafuna suka ajiye aiki. Na'urar ta koma 12. Idona ya fara ganin masa a inda babu masa. Ba wanda ya wuce ya bar ni. Suka rage gudu, suka tura mini dabino da ruwa, suka kewaye ni ta ɓangaren da iska ke bugowa, Injiniya da kansa ya shiga gabana ya ce in zuba wa tayarsa ido kada in taɓa ta. A duk 'yar hawa, wani ɗan sakandare ya dafa bayana yana turawa yana cewa, "Saura kaɗan, Girmay." Maganar kashi 30 ɗin nan dai gaskiya ce, ina jin ma sun rage.

Yanzu sun ba ni muƙami na dindindin a can ƙarshen layi, inda ba wanda ke bayana. Na gaya wa uwargida cewa wajen na manya ne, masu lura da kowa. Ba ta ce komai ba, don ita ma tana da nata labarin: a daren ranar Baba ya kira ta, ya yi mata nasiha mai tsawo a kan haƙuri da miji idan samu ya ja baya, ya ce kada ta kuskura ta tambaye ni inda kuɗin motar ya shiga. Bayan kwana biyu sai ga rabin buhun shinkafar Dass an sauke a ƙofar gida. Ta ce in kira shi in yi masa bayani. Na ce zan kira, amma a bari shinkafar ta ƙare tukuna.