Ku fara da kwanon gero kafin ku rubuta x

Jiya bayan la'asar 'yar yayana, wadda ke aji ɗaya a ƙaramar sakandare, ta kawo mini littafinta ido ya yi ja. A darasin lissafi an ba su 4x = 6000 su nemo x, ita kuma ta rubuta x = 6000 − 4. Na ce, "'Yata, ina kika samo wannan?" Ta ce, "Baffa, ai cewa aka yi idan lamba ta tsallaka sai ta canza alama."

Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Yarinyar nan fa ita ke riƙe wa mahaifiyarta kuɗin ƙuli-ƙuli ran Lahadi a kasuwar Gujungu, ko sisi bai taɓa ɓacewa a hannunta ba. Sai na rufe littafin, na ce, "Kwano huɗu na gero dubu shida, nawa ne kwano ɗaya?" Ban rufe baki ba ta ce dubu ɗaya da ɗari biyar. Rabawa ta yi, ba wanda ya gaya mata.

To ina matsalar take? Haddar tsallakawa aka ba ta, ba a faɗa mata cewa 4x na nufin x sau huɗu ba. Abin da aka ninka, rabawa ke warware shi. Alamar daidai kuwa sikeli ce: ka raba hagu gida huɗu, dole ka raba dama gida huɗu. In ka samu amsa ka mayar da ita, 1500 sau 4, ka ga ko 6000 ta dawo.

Ilimin nan ma ba baƙonmu ba ne. Aljebra, wato wannan lissafi da haruffa irin su x, daga kalmar Larabci "al-jabr" ta fito, daga littafin da Muhammad bin Musa Al-Khawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820. Babu x ko ɗaya a ciki, da zance ya yi bayanin komai, kuma kaso mai yawa na littafin kan wasiyya da rabon gado ne.

Malamanmu, na san aji ya cika, alli ma wani lokaci daga aljihunku yake fita. Amma don Allah ku fara da Hausa, da kwano da buhun taki, harafin ya biyo baya.

Yau da safe ta leƙo zaure da 7x = 2100, ta ce, "Baffa, ƙwan zabi bakwai ne, ko?" Ta rubuta 300 ta wuce makaranta.