Shekara 63 kafin Jackie Robinson, Fleet Walker ya buga

In ka tambayi Ba'amurke wane baƙar fata ne ya fara buga babbar gasar besbol, nan take zai ce maka Jackie Robinson, 1947, Brooklyn Dodgers. To amma fa tun 1884 Moses Fleetwood Walker ya buga wa kulob ɗin Toledo wasa 42 a gasar American Association, wadda a lokacin babbar gasa ce, kuma ni a ganina ba ƙaramin zalunci ba ne yadda aka bar sunansa a baya.

Walker ɗan jihar Ohio ne, an haife shi 1856, ya yi karatu a kwalejin Oberlin da Jami'ar Michigan. Shi ne mai tsugunawa bayan mai bugu yana cafe ƙwallo, aikin da a wancan zamanin kusan da hannu tsirara ake yinsa, yatsu su fashe haƙarƙari ya karye. Abin da ya fi min ciwo shi ne mai jifan kulob ɗinsu, Tony Mullane, da bakinsa ya faɗa daga baya cewa ba ya kula alamar da Walker ke masa ta irin jifan da zai yi, duk jifan da ya ga dama shi yake yi don kawai ba ya son baƙi, amma duk da haka ya yarda bai taɓa aiki da mai cafiya kamarsa ba. Wato abokin wasanka ne ke jefo maka ƙwallo kamar dutse ba ka san ta inda za ta ɓullo ba, kai kuma kana cafewa.

Wasu za su ce ai kaka ɗaya ya yi, ba wani tauraro ba ne. Gaskiya ne Toledo ta sallame shi bayan raunuka, amma ai ya ci gaba a ƙananan gasa har 1889, kuma da gangan aka rufe ƙofar. Cap Anson, kyaftin ɗin kulob ɗin Chicago, tun 1883 yake cewa ba zai shiga fili da baƙi ba, a 1887 kuma masu kulob na International League, ɗaya daga cikin ƙananan gasar, suka kaɗa ƙuri'a cewa kar a sake ba baƙar fata sabon kwantiragi. Mutane ne suka zauna suka yanke, shi ya sa ba na son a riƙa ba da labarin kamar dama can ba a taɓa haɗuwa a fili ɗaya ba.

Zuwa 1908 Walker ya yanke ƙauna har ya rubuta littafi yana kiran baƙaƙen Amurka su koma Afirka, ya rasu 1924. Shi ko Anson tun 1939 aka sa shi a zauren karrama gwanayen besbol da ke garin Cooperstown, Walker har yau ba a sa shi ba, kuma ya kamata a sa shi.