Sabon gida ko tsoho? Ni ina bayan wanda ya sha damina

Jama'a, duk wanda Allah ya hore wa kuɗin sayen gida a Kano yanzu, hanya biyu dillalai za su nuna masa. Ko su fita da shi wajen Danbare, Gaida, Jaba ko Mariri su buɗe masa sabon gida dal, fenti na ƙamshi, tayil har bakin ƙofa, fitilu kala-kala a silin. Ko su shiga da shi tsofaffin unguwanni irin su Gyaɗi-Gyaɗi, Tarauni ko Kundila su nuna masa gidan da ya shekara 30 ko 40, fentinsa ya koɗe, ƙofofinsa na da ne. Yawancinmu zuciya sabon take so, iyali ma sabon za su zaɓa. Ni dai idan takardu lafiya suke, tsohon zan ɗauka, ko da ya fi ƙanƙanta.

Babban dalilina shi ne waɗanda suke gina mafi yawan sababbin gidajen nan ba su za su zauna a ciki ba. Ginawa suke su sayar. Sana'a ce halal, akwai masu tsoron Allah a cikinta, amma ku duba lissafin da ke gabansu. Buhun simintin da bai kai naira 3,000 ba a farkon 2020 ya haura 10,000 a farkon 2024, har sai da gwamnatin tarayya ta zauna da kamfanonin siminti a kan maganar. Rodi ya tashi, kwano ya tashi, ladan magini ya tashi. Mai gini yana son riba, mai saye kuma yana neman sauƙi. To ina za a rage? A inda ido ba ya gani. Tushe sai a haƙa shi sama-sama. Buhun da ya kamata ya buga bulo 30 da 'yan kai sai a ja shi ya buga 50 ko fiye. Rodi siriri, wayar wuta mara kauri, bututun ruwa mai araha, duk an binne su a bango, an shafe, an yi fenti. Kuɗin kuma an zuba su a inda za su ɗauki ido, wato get da tayil da silin. Ranar da ka je gani babu abin da za ka kushe. Bayan damina biyu bango zai fara tsagewa, tayil ya ɗago, kuma a lokacin mai gida kai ne.

Tsohon gida ba ya iya ɓoye halinsa. Idan tushensa na da matsala, tsagar tana nan a bango kana kallo. Idan danshi na hawa, za ka ga shafe yana zubewa daga ƙasa. Idan kwano na yoyo, tabon yana jikin silin. Gidan da ya sha damina 30 yana tsaye ya riga ya ba da shaidar da babu dillalin da zai iya ba ka.

Maganar damina ba ta tsaya a bango ba. Da yawa daga sababbin unguwanninmu awon igiya ne, gona aka yanka aka sayar, babu magudanar ruwa, wani wurin ma kududdufi aka cike ko hanyar ruwa aka tare. Da rani ba za ka gane ba. Shi ya sa nake roƙon duk mai niyyar saye, sabo ko tsoho, ya daure ya je wurin a watan Agusta bayan an tafka ruwa, ya taka layin da ƙafarsa, ya tambayi mai shagon bakin layi inda ruwa yake kwana. Mai shago ba shi da la'ada a cinikin, zai faɗa maka gaskiya.

Sannan gida ba gini kaɗai ba ne. A tsohuwar unguwa ka san maƙwabtanka kafin ka biya, masallaci da makarantar yara da asibiti suna kusa. A sabuwa sau da yawa ku za ku yi karo-karo ku sayi turakun wuta da taransifoma, kai za ka haƙa rijiyar burtsatse ko ka rayu da 'yan ga-ruwa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, nisan gida da wurin aiki ya zama kuɗin da ake biya kullum, ba wanda yake sa shi a lissafin ciniki. Wani abu da ke damuna kuma shi ne yadda ake raba fuloti ɗaya gida uku ko huɗu, babu tsakar gida, babu wurin dasa ko darbejiya ɗaya. Matan da ke wuni a ciki da yara su suke shan zafin Afrilu a irin wannan gini.

Ban ce tsohon gida ba ya cin kuɗi ba. Wayarin zai iya buƙatar sauyi gaba ɗaya, sokawe ta cika, gara ta ci katakon rufi. Ka je da magininka da mai wayarinka, ba na dillali ba, su ƙiyasta gyaran, a rage a farashi. Sabon gidan da ka ga gininsa da idonka tun daga tushe kuwa, wannan ba ni da ja a kansa.

Inda tsohon gida yake da haɗari na gaske shi ne gado. Da yawansu gidajen magada ne, sai ɗaya ya fito a matsayin babba ya sayar, alhali akwai 'yar'uwa a gidan aure ko maraya ƙarami da ba a tuntuɓa ba. A fiƙihun Malikiyya, idan ba a raba gida ba kuma wani ya sayar da kasonsa, abokin tarayyarsa yana da haƙƙin shuf'a, ya mayar maka da kuɗinka ya karɓi wurin. Wanda aka sayar da nasa kason ba da saninsa ba kuma, kotu za ta saurare shi ko bayan shekaru. Ban da shari'ar duniya, wa yake so ya kwantar da 'ya'yansa a kan haƙƙin maraya?

Don haka kar ka biya sai ka ga takardar rabon gado daga kotu, ko kowane magaji ya sa hannu a gaban shaidu, mata da maza. Takardar mai unguwa tana da amfani, amma ba ta isa ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ɗora ƙasar jiha a hannun gwamna, sauya sunan mai shaidar mallaka ma sai da amincewarsa. Ka sa lauya ya bincika fayil ɗin a KANGIS, hukumar da ke adana bayanan filaye ta jihar Kano, ya tabbatar ba a jinginar da gidan a banki ba. Idan sabon gini ne, ka nemi izinin ginin da hukumar tsara birane ta jihar Kano, wato KNUPDA, ta bayar ka riƙe kwafinsa kafin kuɗinka ya bar hannunka.