An manta da sunanka a sanarwa, shi ke nan ka daina zuwa?

Salama gare ku 'yan'uwa a cikin Almasihu.

Jiya Lahadi na ga abin da ya hana ni sukuni. Ƙungiyar mawaƙa ta tashi, sai na hango 'yar'uwar da ta saba ba da waƙa zaune can baya, ta naɗe hannu, fuska a murtuke. Lafiyarta lau. Wata ƙaramar yarinya aka ba ta ja waƙar, shi ke nan ta ce ita da ƙungiyar mawaƙa sai wata rana. Ina ƙaunarta ƙwarai, muryarta ta sha sa ni hawaye a cikin sujada. Amma abin ya yi mini ciwo, domin ba ita kaɗai ba ce, mun yi yawa.

Baba dattijo, ka ba da buhunan siminti don ginin majami'a, magatakarda ya tsallake sunanka a sanarwa, tun ranar ba ka sake sa hannu a aljihu ba. To wa ka ba simintin? Mama, an yi zaɓen Zumuntar Mata ba a sake zaɓenki ba, yanzu ko gaisuwar marasa lafiya aka tafi ba a ganinki. Ƙanena mai kaɗa ganga, sai an bi ka har gida ana lallashi. Mai wa'azi, hotonka a takardar gayyata ya fi ayar girma, kana saukowa daga mumbari kuma sai ka buɗe Facebook ka ga mutum nawa suka yaba. Haba jama'a!

Manzo Bulus ya tambayi Korintiyawa, me kake da shi wanda ba karɓa ka yi ba? In kuwa karɓa ka yi, fahariyar ta mece ce? Muryar nan amana ce. Ilimin nan, kuɗin nan, iya maganar nan, har farin jinin da kake da shi a unguwa, duk amana ne, kuma Mai shi zai tambaya.

Don Allah ku buɗe 2 Tarihi 26 ku karanta a natse. Uzziya yana ɗan shekara 16 ya hau gadon sarauta, ya yi shekara 52 yana mulki a Urushalima. Ya gina hasumiyoyi, ya haƙa rijiyoyi, yana son noma, ya sa aka ƙera na'urorin harba kibau da manyan duwatsu, sunansa ya kai har iyakar Masar. Muddin yana neman Ubangiji, Allah ya yi ta ba shi nasara. Ba a fagen yaƙi ya faɗi ba, ba kuma a gidan gunki ba. A cikin Haikali ya faɗi, da farantin turare a hannu. Da ya yi ƙarfi sai zuciyarsa ta kumbura, ya shiga ƙona turare, aikin firistoci da ba nasa ba. Azariya babban firist da firistoci 80 suka tsaya masa, shi kuwa ya husata, nan take kuturta ta fito masa a goshi. A keɓe ya ƙarasa kwanakinsa. Wannan ne ke ba ni tsoro: mutum yana tsakiyar hidima, kowa na ganin ibada yake yi, alhali kansa yake wa aiki.

Yahaya Maibaftisma fa? Almajiransa suka zo da ƙorafi, Malam, ga kowa na tafiya wurin Yesu. Ya ce dole ne shi ya ƙaru, ni kuwa in ragu. Bai kira taro ba, bai raba jama'a ba, murna ma ya yi.

Suna kuma ya fi wuyar saki. Na san zafin a ɓata maka suna a cikin ikilisiyar da ka yi wa wahala, ba na raina hawayen kowa. Amma dubi Sarki Dawuda yana gudun ɗansa Absalom, wani mai suna Shimai na binsa da zagi da jifa. Abishai, jarumin Dawuda, ya ce a bar shi ya fille wa Shimai kai, sarki ya ce a ƙyale shi, watakila Ubangiji zai dubi wahalarsa. Mu kuwa kalma ɗaya aka faɗa a kanmu, sai mun zagaya gida gida muna wanke kanmu, sai mun sa habaici a WhatsApp. Ka faɗi gaskiya inda ya kamata, sa'an nan ka bar wa Allah sauran. Ya fi ka iya tsare mutuncinka.

Ina roƙonku saboda Yesu, wanda ya wofintar da kansa ya ɗauki surar bawa. Ku saki. Kafin ka kwanta yau, durƙusa ka ambaci baiwar da sunanta, ka ce Ubangiji, taka ce, ko a gaba ka sa ni ko a baya. Wanda aka ba matsayinka kuma, kira shi ka yi masa addu'a. Kada ka jira a zo biko. Don Allah ku saki.