Shukar da Ta Mayar da Ni Mafaraucin Ƙuda

Wani abokin karatuna a Kuala Lumpur ne ya zuga ni, wai akwai shuka mai cin ƙwari, in na ajiye ta a ɗaki ni da sauro sai labari. Na kwashi kuɗin cefanen mako na tafi wurin masu sayar da furanni.

Nepenthes ventrata ce, ruwa biyu, an haɗa ta daga iri biyu na ƙasar Filifin, ventricosa da alata. Kowane ganye yana sako ɗan tulu ja mai marfi a ƙarshensa. Bakin tulun ga zaƙi ga santsi, tururuwa ta zo lasa, ta zame, ta faɗa cikin ruwan da zai narkar da ita. Mai shagon ya karanto min sharuɗa kamar na zo neman auren 'yar sarki: ban da ruwan famfo, sai na sama ko tatacce, ban da taki, ban da ƙasar gona, sai gansakuka, tana son haske amma ba rana mai ƙuna ba.

Na'urar sanyaya ɗaki ta fara busar mata da tuluna, don haka na kashe na buɗe taga. Sauro suka shigo da iyalansu, suka bi ta gefenta ko kallo ba su yi mata ba, suka sauka a kaina.

Sai Malam Bakatsine, abokin zamana, ya ce yunwa ce. Ai ya ji babbar yayarta, Nepenthes rajah ta Dutsen Kinabalu a tsibirin Borneo, har ɓera ake samu a tulunta. Ina aji ya gutsuri kilishin da Hajiya ta aiko min, kilishina fa, ya cusa mata. Tulun ya yi baƙi ya ruɓe, wari ya kore mu baranda. Ya ce ƙila yajin ne ya yi mata yawa.

Yanzu in hadari ya haɗo ni ne da bokiti a waje, da yamma kuma ina bayan kicin da murfin roba ina fakon ƙuda. A nan wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta gan ni, ta leƙa shukar, ta ce su a jiharsu ta Sarawak shinkafa suke durawa a irin tulun nan da madarar kwakwa su turara.

Bakatsine ya miƙe tsaye ya ce, "Mama, tulu nawa ake bukata?"