Irin GMO: A Tambayi Wanda Ke Riƙe Da Shi

Duk ƙasar da ta rufe ƙofa ga irin shukar da aka sauya wa ƙwayoyin halitta, wato GMO, ta yi zaɓi ne ko ba ta faɗa ba: ƙarin feshin maganin ƙwari a gona, da sayen abinci daga waje da kuɗin da ba ta da su. Tsutsa kuwa ba ta jiran a gama muhawara.

A duba Bangladesh. Manomin yalo a can kan goya tankin feshi kowane 'yan kwanaki, saboda wata tsutsa da ke huda 'ya'yan ta shige ciki, inda magani ba ya kai mata. A 2013 gwamnati ta amince da yalon Bt, a 2014 aka fara raba wa manoma, feshi ya ragu ƙwarai. Ƙwayar halittar da aka sa masa daga wata bakteriya ce da ke cikin ƙasa mai suna Bt, tsutsar na cin yalon ta mutu. Abin mamaki, masu noman da ke ƙyamar sinadarai sun daɗe suna fesa wannan bakteriyar a gonakinsu.

Batun lafiya ba ya buƙatar dogon zance. Tun 1996 ake noma irin waɗannan amfanin gona da yawa, kuma babban rahoton cibiyoyin kimiyya na Amurka na 2016 bai samu shaidar cewa sun fi sauran abinci illa ba.

Inda masu suka ke da gaskiya shi ne mallaka. Burkina Faso ta karɓi audugar Bt ta kamfanin Monsanto, ta watsar a 2016 saboda zaren ya gajarce, darajarta ta faɗi a kasuwar duniya. Aro ba ya ado. Amma a jihar Hawaii ta Amurka, da cuta ta kusa ƙarar da gwanda, masu bincike na jami'o'i ne suka samar da irin Rainbow, aka raba wa manoma a 1998, noman ya farfaɗo. Yalon Bangladesh ma cibiyar bincike ta gwamnati ce ke raba shi, kuma manomi na iya ajiye irinsa don baɗi.

Saboda haka gwamnatin da ke tsoron kamfanonin waje su riƙe mata wuya, ta zuba kuɗi a cibiyoyin bincikenta, ta sa fasahar a cikin irin da manomanta suka saba da shi, ta kuma ba hukumar gwaji haƙoran da za ta iya cewa a'a.